Shaidar Kwanukan Innarmu

A gindin kowane kwano na gidanmu akwai ɗigo uku na jan fenti, da ɗan lanƙwasasshen layi a ƙarƙashinsu kamar an tallafe su da tafin hannu. Innarmu ce take yin su da tsinken tsintsiya. Ɗigon farko kullum ya fi sauran girma, domin shi yake kwashe fentin da ke bakin tsinken. Kowace mace a unguwarmu tana da tata shaidar. Wata ta karce gindin langa da ƙusa, wata ta ɗaura ƙyalle a hannun murfi, wata ta shafa jan farce. In an watse daga biki aka tara wanke-wanke a tsakar gida, sai ka ga manyan mata sun duƙa suna kifa kwanuka suna leƙa gindinsu, ba mai kallon fuskar wata. Da azumi kuwa kwanon gidanmu ba ya kwana a gida. Ya tafi da kunu ya dawo da ƙosai, ya fita da tuwo ya dawo da 'yar gujiya, tunda a wurinmu ba a mayar wa mutum kwanonsa wayam. Akwai wata samira da ta bi kayan amarya har Mai'adua, ta yi wata da watanni, ta dawo da kanta a hannun wata mata da ba mu taɓa gani ba.

Ni zane nake yi a kwamfuta, a wani shagon buga takardu da ke bakin kasuwar Daura. Katin ɗaurin aure, sitikar suna, kalandar walima, allon shago. Ina 'yar firamare aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, don haka na tashi ina ganin allunan masu aski da aka zana aski iri-iri a kan kawunan da ba su da ido ba su da hanci. Da na shiga sana'ar na tarar abu biyu ne ke sa mai aiki ya yaba: kada a bar masa fili ko na sa yatsa, kuma sunansa ya fi na kowa girma. Na iya wannan, da shi nake ci. Amma ban taɓa son sa ba.

Shekarar da Innarmu ta rasu, ƙanena da wasu abokansa masu rubuta manhajar waya suka tsiri wani aiki. Manhajar cigiya za su yi. Akuyarka ta ɓata, ko jaki ya tsinke, ko an tsinci jaka a tasha, maimakon a jira lasifikar masallaci sai a sa hoto da bayani, wanda ya gani ya yi magana. Ya zo har ɗakina yana mini bayani, hannu na tashi sama.

“Yaya, kyauta ce. Kuma a buɗe take. Akwai wani rumbu a intanet da muke zuba aikin, kowa yana iya shiga ya ɗauka, ya gyara, ya ƙara. Ba mai ita. Kowa ne mai ita.”

Na ce masa abin da kowa ne mai shi na san shi, butar masallaci ce, kuma na ga yadda take ƙarewa. Ya yi dariya ya ce tambari suke so in zana musu, wato ɗan hoton nan da ke zama a fuskar waya, wanda bai fi farcen babban yatsa ba, da mutum zai gani ya san manhajar ce.

Ban daɗe ina tunani ba. Na ɗauko wata tsohuwar langa na kifa ta a gabana, na zana abin da na gani: ɗigo uku ja, na farko ya fi girma, layi ya tallafe su, fari tas a bayansu. Na nuna wa ƙanena. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tashi ya ce zai je ya sha ruwa. Da ya dawo ya gaya mini ƙa'idar rumbun, cewa duk abin da aka zuba an bayar ke nan fisabilillahi, ba a cewa a dawo da shi. Na ce ai abin da nake nufi ke nan. Ba ni da halin gina mata rijiya ko masallaci. Abin da nake da shi hannuna ne, kuma ina so shaidarta ta ci gaba da yawo a gari tana mayar wa mutane kayansu, ladan ya riƙa isa gare ta. Da wannan niyya na bayar.

Da abin ya tsaya a hannun samarin nan da an wuce wurin. Sai wani mai hankali a cikinsu ya ce bai kamata a fito da abu a gari ba tare da an kai wa manya sun sa albarka ba. Aka kafa kwamitin iyaye. Aka ɗauko wani tsohon hedimasta aka ba shi shugabanci. Aka sa wani malami da ke jan sallah a masallacin unguwa. Aka sa wani Alhaji, babban dillalin dabbobi, wanda kuma surukin ƙanena ne, uban matarsa. Ƙanena ko sunan mutumin nan ba ya iya faɗa, in sun haɗu a hanya sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa har babur ya kusa taka shi.

Aka yi zaman farko da hantsi a wani ajin firamare. Ni kaɗai ce mace, aka ajiye mini benci a can baya kusa da taga. Ƙanena ya buɗe kwamfuta a kan teburin malami ya juyo da ita, tambarin ya cika allon. Shugaba ya gyara tabarau ya matso.

“To, madalla,” in ji shi. “An fara. Yaushe za a zana?”

Ƙanena ya ce ai an gama, ranka ya daɗe. Aka kalli juna kamar mutanen da aka gayyata walima aka ajiye musu ruwa.

Abin da samarin suka manta shi ne, babba a garinmu ba ya sa albarka da baki kawai. In ka kai masa sabuwar riga sai ya taɓa wuyanta ya ce da an ƙara aiki a nan. In bai ƙara komai ba gani yake kamar bai halarta ba. Shugaba ya fara. Ya ce duk abin da ya fito daga Daura dole a ga Daura a jikinsa, don haka a sa rijiya da takobi. Duk wata ƙungiya a garin nan, daga ta masu faci har ta masu sayar da ƙanƙara, rijiya da takobi ne a tambarinta, amma ya faɗe shi kamar yanzu aka saukar masa. Ya ce kuma a sa kirari a ƙasa cikin ɗan ƙyalle mai lanƙwasa, irin na bajon makaranta.

Alhaji ya gyara babbar riga. Ya ce shi bai yi boko ba, amma a saninsa abin da ya fi ɓata a ƙasar nan dabba ce, to ina dabbar? A sa rago. Ba tunkiya ba, rago, mai ƙaho, wanda in an gani za a san an ci kuɗinsa. Ƙanena yana kallon ƙasa ya ce, “To, Baba.”

Malam ya yi gyaran murya. Ya ce shi ba ya son ya ɓata wa Alhaji, amma surar abu mai rai akwai magana a kanta. Alhaji ya ce ai hotunan awakin da za a riƙa sawa a ciki ma masu rai ne. Malam ya ce wancan hoto ne na lalura, wannan kuwa zane ne na ganganci. Suka ja, suka ja, kowa yana ba ɗan'uwansa girma yana ƙin matsawa. Daga ƙarshe Malam ya kawo mafita: in aka ja layi a wuyan ragon, aka raba kai da gangar jiki, ya tashi daga abu mai rai. Aka yi hamdala, kowa ya ji ya yi nasara.

Daga benci na ɗaga hannu na ce, “Allah gafarta Malam, manhajar neman abin da ya ɓata ce fa. In mutum ya buɗe ya ga yankakken rago, ai kamar an ce masa an ga ragonka amma ka makara.”

Wani saurayi ya fashe da dariya ya mayar da ita tari. Shugaba ya ce an ji shawarar Malama, za a duba. Ba a duba ba.

A zama na gaba launi aka taɓa. Wani ya lura cewa ja yana cikin tutar wata jam'iyya. Aka ce a koma kore, aka tuna na wata ce. Shuɗi ma da mai shi. Aka bi launuka ɗaya bayan ɗaya, kowanne an riga an yi masa rajista a Abuja, har aka iso ruwan ƙasa, wanda ba ɗan siyasar da ya taɓa so. Sannan saƙo ya zo daga wajen Mai'adua cewa 'yan birni sun cinye tambarin, ina manoma? Aka sa zangarniyar gero. Masu babur suka ce su ne za su riƙa kai kayan da aka tsinta, aka sa taya. Duk wanda aka ƙara, ƙanena sai ya shigar a rumbu da bayaninsa, wannan ƙarin Shugaba ne, wannan na Baba Alhaji ne, don tarihi ya san wanda ya yi hidima.

Ni ce kuma mai zanawa, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ba wanda ya iya sai ni. Na so in ɓata ragon nan da gangan, hannuna ya ƙi. Rago ya fito ƙosasshe, ƙaho ya murɗe, har Alhaji ya tambaya ko na taɓa kiwo. Sannan na ja masa layi a wuya.

Duk wannan hidima ɗigon Innarmu suna nan a tsakiya, sun koma ruwan ƙasa, sun matse tsakanin ƙafar rago da bakin rijiya. Na haƙura da haka. Na ce ko a lungu ne dai tana ciki.

Ranar zaman ƙarshe aka ga kirarin Shugaba ba ya karantuwa, ana neman fili. Aka duba rago, na Alhaji ne. Aka duba layin wuya, na Malam ne. Gero na mutanen Mai'adua ne, kuma ba a son rigima da su. Shugaba ya matso da fuskarsa dab da allon, ya zaro hankici ya goga, ya sake gogawa.

“Wannan dattin a jikin gilashin yake ko a ciki?”

Ƙanena ya buɗe baki, ya kalli surukinsa, ya rufe. Na miƙe tsaye. Na ce, “Ranka ya daɗe, ba datti ba ne. Shaidar mahaifiyata ce, wadda take yi wa kwanukanta. Bana ta rasu. Da shaidar aka fara tambarin.”

Alhaji ya ce Allahu akbar, ashe tata ce, ai surukarsa ce, mutuniyar kirki. Shugaba ya ce Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Malam ya ɗaga hannu ya ja doguwar addu'a, mai kyau ƙwarai, har na ji hawaye ya zubo mini. Aka shafa. Sannan Shugaba ya ce to tunda an yi mata addu'a, a cire ɗigon a matso da kirarin sama.

Kowane abu a tambarin nan yana da mai shi zaune a kan kujera da za a ji kunyarsa. Ita kaɗai ce ba ta zo taron ba.

Da yamma na sami ƙanena a gida. Shi da bakinsa ya taɓa gaya mini cewa rumbun ba ya mantuwa, duk zanen da aka taɓa zubawa yana nan, kuma akwai maɓalli guda da in an danna komai zai koma yadda yake a farko. Na ce ya danna.

“Yaya, sunana zai fito.”

“Ya fito mana.”

“Duk wanda ya shiga zai ga ni na cire ragon Baba. Da wane ido zan shiga gidansu?”

“To ba ni in danna.”

“Ke yayata ce. Duk ɗaya ne.”

Na ce masa Turawan da suka ƙera maɓallin nan ba su da surukai, shi ya sa. Na ce uwarsa ce shi ma, ba tawa ni kaɗai ba. Wannan maganar ta yi masa zafi, na gani a fuskarsa, kuma a lokacin zafin nake so ta yi. Muka daɗe ba ma doguwar magana, gaisuwa kawai.

Aka ƙaddamar da manhaja da lemo da jawabai. A babban allon da aka rataya tambarin ya yi kyau irin na kalandar ƙungiya. A fuskar waya kuwa, da ya koma girman farce, sai ya zama kamar an tofar da goro a gilashi. Mutane suka sauke manhajar suka kasa gane ta a cikin wayoyinsu. Masu kaifin ido da suka ƙura suka hango ragon, wani mutumin ƙauye ya tsaya a shagonmu yana tambaya ko ta mahauta ce, yana da fata zai sayar.

Bayan 'yan watanni wani direba da ke jigilar Kongolam, can bakin iyakar Nijar, ya kawo aikin sitika. Ya ajiye wayarsa a kan teburina, gilashinta duk ya tsage. Ina kai ido na ga ɗigo uku ja, na farko ya fi girma. Na ce ina ya samo wannan? Ya ce ai ta cigiya ce, ta mutanen Nijar, kowa ita yake sawa yanzu, a wurin masu cajin waya ake tura wa mutane.

Ashe wasu samari ne a tsallaken iyaka suka shiga rumbun suka kwashi aikin gaba ɗaya, tunda akuya ba ta san kan iyaka ba, tasu tana shigowa tamu tana fita. Suka ƙara Faransanci, suka canza suna. Da suka zo kan tambari suka tona har ƙasa suka ɗauki na farko, don shi kaɗai ake iya gani a ƙaramar waya. Su ba su san Shugaba ba, ba sa auren 'yar Alhaji.

Ya kamata in yi murna. Ban yi ba, raina ne ya ɓaci. Na kira ƙanena na ce an yi mana sata. Ya ce, “Yaya, ba sata ba ce. Ke kika bayar.” Na ce na bayar, amma ba wanda ya yi sallama. Ba su san ta ba. A tasha “mai ɗigo uku” ake ce wa manhajar. Wasu suna cewa duwatsun murhu ne, wani ya rantse mini taurari ne a kan jinjirin wata. Shaida amfaninta a san gidan da za a mayar da abu. Wannan ta cika gari, ta haye iyaka, kuma ba mai sanin ƙofar da ta fito.

Kwamitin iyaye ya kira zaman gaggawa a kan yadda baƙi suka ƙwace mana kasuwa. Aka yi tir. Sannan Shugaba ya karɓi wayar wani ya ɗaga ta sama, ya juyo wajen bencina.

“Amma a faɗi gaskiya, mutanen nan sun iya zane. Dubi abu a tsaftace, ba tarkace. Malama, ki karɓa ki duba da kyau, ko kya koyi wani abu.”

Na ce, “To, ranka ya daɗe.” Ƙanena ya sunkuyar da kai har goshinsa ya taɓa tebur. Daga ranar ban sake zuwa ba.

Wata ranar bayan la'asar ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji sallama. Iya ce, aminiyar Innarmu tun suna amare, wadda gidanta ke bayan namu. Tun kwanakin zaman makoki ba ta sake tako gidan ba, in na je gaishe ta ma ba ta bari mu daɗe. Ta tsufa ƙwarai, tana dogara bango. Ta riƙo wata langa a rufe da hannu biyu. A bayanta matar ɗanta ce, ta sha mayafi a karkace, fuska a murtuke.

Iya ta zauna a tabarma, muka gaisa, ta turo mini langar. Na buɗe. Waya ce a ciki.

“Ta gidanku ce,” in ji ta. “A hannun yarinyar nan na gani. Na ce ta kawo, ta tsaya yi mini gardama.”

Matar ɗan ta ce, “Yaya, don Allah ki yi mata bayani. Wayata ce, mijina ya saya mini. Tun safe take riƙe da ita.”

Na danne dariya na fara bayani. Na ce Iya, hoto ne kawai, yana cikin wayoyi da yawa, har a Nijar. Na ce manhaja, na ce rumbu. Ta bar ni na gama.

“Ni ban san wannan ba, 'yar nan. Na dai san hannunta. Ga babban ɗigon nan na farko. Kullum ina ce mata ta riƙa sharce tsinken, ba ta ji.”

Na ciro wayar na miƙa wa mai ita, ta karɓa ta soke a ƙugu tun kafin a sake shawara. Na ɗauki langar zan mayar wa Iya, sai ta riƙe hannuna.

“Kifa ta.”

Na kifa. Fentin ya dushe, layin ya ɗan goge a gefe, amma ɗigon suna nan su uku.

“Da azuminta na ƙarshe ta aiko mini da kunu a ciki,” in ji Iya. “Kafin in mayar ta kwanta. Kullum in na ɗauko sai in rasa abin da zan zuba, in mayar ƙarƙashin gado. Yau da na ga abinta a hannun yarinyar nan na ce to, ga abin sawa ya samu.”

Na yi kuka a wurin, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da ita. Iya ba ta ba ni haƙuri ba, ta zauna tana kallon ƙofar ɗakin Innarmu har na gaji don kaina. Matar ɗan ta rasa inda za ta sa kanta, ta jawo farantin ta ci gaba da tsince mini shinkafar.

Da suka tafi na kira ƙanena na ce ya biyo in ya tashi daga aiki, akwai abin da zan nuna masa. Ya zo, na miƙa masa langar a kife. Wannan karon bai ce zai je shan ruwa ba, a gabana ya yi kukansa.

Na so in ajiye ta a cikin kabad inda ba mai taɓawa. Har na goge mata wuri. Washegari da na sauke tuwo sai na ɗauko ta, na zuba malmala biyu da miyar kuka, na rufe, na sa hijabi na kai wa Iya da kaina. Na ce in ta gama kada ta yi saurin dawo da ita.